Buluberi: yadda ɗan itacen daji ya shigo gona a Niyu Jazi

Daga Filadelfiya zuwa garin Hamonton da ke kudancin jihar Niyu Jazi tafiyar ba ta cika awa ɗaya a mota ba. Wata maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi ce ta matsa mana, ni da yarana, cewa mu je tsinkar buluberi kafin watan Yuli ya ƙare, domin lokacinsa gajere ne, daga tsakiyar Yuni zuwa Agusta. Ban taɓa ganin itacen da ido ba sai ranar. Tsawonsa ya kai kafaɗata, a jere layi-layi a kan farin rairayi, 'ya'yansa cunkus a reshe, girmansu kamar na kurna, shuɗaye masu duhu da wata farar hoda a jiki. Aka ba mu bokitai da igiyar ɗaurawa a ƙugu domin hannu biyu su samu sakewa. Maƙwabciyar ta ga 'yata tana fizgar reshe, sai ta ce, “'Yata, ba a ja. Tallabo shi a tafin hannu ki murza a hankali, wanda ya nuna da kansa zai faɗo.” Ta kuma nuna mana gindin ɗan itacen: in akwai sauran ja a wurin, tsami ne, a bar shi ya ƙara kwana.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan noma da ya mamaye yankin, har garin yake kiran kansa babban birnin buluberi na duniya, bai daɗe ba. Sai a 1916 aka fara kai buluberin gona kasuwa. Kafin nan ɗan daji ne, kuma manoma sun haƙiƙance ba ya shukuwa.

Cinsa dai ya daɗe. 'Yan asalin ƙasar, irin su Lenape da suka zauna a wannan yanki tun kafin zuwan Turawa, suna tsinkarsa su shanya su ajiye don hunturu. A 1615 Bafaranshen nan Samuel de Champlain ya tarar da mutanen Odawa a gaɓar tafkin Huron sun zo shanyar 'ya'yan itacen. Turawan da suka biyo baya sun ci, sun sayar, amma duk wanda ya tono itacen ya kai lambunsa, ya zuba masa taki da farar ƙasa kamar yadda ake yi wa kayan lambu, sai ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa, itacen ya mutu.

Wanda ya gano dalilin shi ne Frederick Coville, masanin tsirrai a ma'aikatar gona ta Amurka. A gonarsa ta Greenfield da ke jihar Niyu Hamsha ya lura cewa itacen ƙasa mai tsami yake so, irin wadda sauran amfanin gona ke gudu. Ya kuma gano cewa furensa ya fi ɗaure 'ya'ya in ƙudan zuma sun kawo masa garin fure daga wani itacen daban, kuma sai ya sha sanyin hunturu kafin ya toho da kyau. A 1910 ya buga sakamakon bincikensa.

Rahoton ya faɗa hannun Elizabeth White, 'yar babban manomin wani ɗan itace da ake kira kuranberi a Whitesbog, cikin dajin da ake kira Pine Barrens. Dajin rairayi ne mai tsami, ruwan rafukansa ja-ja ne saboda saiwoyi da ƙarfen da ke ƙasa. An haife ta a 1871, ta tashi tana taya mahaifinta kula da masu tsinka. Kuranberi sai kaka yake nuna, ita kuwa tana neman abin da zai ba gonar aiki da kuɗi a tsakiyar bazara. A 1911 ta rubuta wa ma'aikatar wasiƙa, ta ce ga fili ga hannun taimako, Coville ya zo.

Sai dai ilimin Coville da filin White ba su isa ba. Ana buƙatar iri, wato itatuwan daji masu manyan 'ya'ya da zaƙi, waɗanda a cikin dubbai da ƙyar a samu ɗaya. Su biyun ba su san inda suke ba. Masu sanin su ne mazauna dajin, waɗanda mutanen birni ke kira Pineys da sigar raini. Kakanninsu sun yi aiki a maƙerun ƙarfe da masana'antun gilashi irin na Batsto, da waɗannan suka mutu sai suka koma cin daji bi da bi: gansakuka a farkon bazara, 'ya'yan itace da zafi, kuranberi da kaka, gawayi da hunturu. Mutum ya shekara talatin yana kutsawa cikin fadama, ruwa har gwiwa, sauro na cinsa, ai ya san itacen da ke cika masa kwando da wuri. White ta raba musu ma'auni, ɗan faranti mai huda, ta ce duk itacen da 'ya'yansa suka ƙi wucewa ta hudar a yi masa alama, za ta biya. Ta ƙara da abin da na fi ganin girmansa, cewa itacen zai ɗauki sunan wanda ya samo shi.

Haka aka samu Harding, da Grover, da Adams, da Dunfee, da Sam daga sunan Sam Lemmon, da Rubel daga sunan Rube Leek. Aka tono itatuwan, aka yanyanka su gunduwa-gunduwa aka dasa, domin ƙwayar iri ba ta maimaita halin uwa, sai reshe. Da yawa sun mutu, wasu da aka kawo gona girman 'ya'yansu ya ragu. 'Yan kaɗan suka tsaya, Coville ya riƙa haɗa su aure da waɗanda ya samo a Niyu Hamsha, kamar Brooks, wanda shi ma sunan maƙwabcinsa ne mai makiyayar da aka tarar da itacen a ciki.

A tuna kuma da zamanin. A 1913, lokacin da ake tsaka da wannan nema, an buga wani rahoto da ya siffanta mazauna dajin da ragwanci da raunin hankali, har gwamnan jihar ya yi maganar ware su daga sauran jama'a. Mutanen da ake yi wa wannan ƙazafi su ne idonsu ya zaɓo iyayen amfanin gonar da jihar take alfahari da shi yau, wanda a 2004 ta ayyana shi ɗan itacen jiha a hukumance. Wannan yana sosa mini rai, domin na san irinsu a gida. A kowane ƙauye akwai tsohuwar da ta san kanyar da ta fi zaƙi da ɗinyar da ta fi tsoka, amma ban taɓa jin an sa wa iri sunanta ba.

Ba zan wanke Whitesbog tas ba. A wancan zamanin iyalan Italiyawa ne daga kudancin Filadelfiya ke zuwa tsinkar kuranberi a can, ta hannun 'yan kwangila, suna kwana a matsugunan da aka raɗa wa suna Rome da Florence. A 1910 mai ɗaukar hoto Lewis Hine ya ɗauki hotunan ƙananan yara suna aiki a wurin lokacin da ya kamata suna makaranta. White ta yi ja-in-ja da masu binciken aikin yaran na tsawon shekaru, amma hotunan suna nan. Ranar da muka je Hamonton ma, can gefen da ba na 'yan yawon buɗe ido ba, ma'aikata ne 'yan Haiti da Meksiko a sunkuye tun safe, ana biyansu gwargwadon abin da suka cika. Mu da muka gaji kafin azahar, da kuɗinmu muka biya don mu tsinka.

Bayan girbin 1916 al'amarin ya yi sauri. White ta fara rufe kwandunan da farar leda mai nuna abin da ke ciki don mai saye ya gani, ta kuma taimaka aka kafa ƙungiyar haɗin gwiwar manoman a 1927. Coville ya rasu a 1937, ita kuma a 1954. Daga baya masu bincike a Fulorida suka fitar da nau'o'in da ba sa buƙatar sanyi mai yawa, abin da ya buɗe wa ƙasashe masu ɗumi ƙofa. Yau Peru ce kan gaba wajen fitar da ɗanyen buluberi zuwa kasuwannin duniya, Maroko da Afirka ta Kudu kuma suna aikawa Turai.

Rubel kuwa har yanzu ana dasa shi, kuma kowane itacensa reshe ne daga reshen wancan guda ɗaya da Rube Leek ya nuna a daji. 'Ya'yansa ƙanana ne in an gwada da na zamani, amma masu gashin kek sun fi son sa saboda ƙarfin ɗanɗanonsa. Daga aurensa da Grover aka samu nau'in Jersey a 1928, wanda ya cika gonakin jihar Mishigan shekaru da dama.