Kunnawa Ta Yi Sauƙi, Kashewa Ta Gagara: Tarihin Mayar da Talabijin Dijital a Nijeriya

Ranar 30 ga Afrilu, 2016, manyan jami'an gwamnati suka hallara a Jos, inda Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ƙaddamar da gwajin farko na talabijin ɗin dijital na gwamnati. Zaɓen Jos bai ba masana tarihi mamaki ba, domin a nan ne gidan talabijin na Binuwai-Filato ya riga kowa a ƙasar watsa hoto mai launi a tsakiyar shekarun 1970. Sai dai bikin ya zo a makare. Wa'adin da duniya ta tsayar ya wuce da wata goma, wanda Nijeriya ta ɗibar wa kanta kuwa ya wuce da kusan shekara huɗu.

Asalin wa'adin daga Janiba yake. A watan Yunin 2006, ƙasashen Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya suka ƙulla yarjejeniya a ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, cewa zuwa 17 ga Yuni, 2015, za su bar tsohon tsarin analog a zangon UHF. Hujjar ta tattalin arziki ce. A tsohon tsari, tasha ɗaya kan cinye zango guda ita kaɗai, alhali a tsarin dijital ana iya cusa tashoshi goma sha ko fiye a wannan zangon, hoton kuma ya fito tas, babu dishi-dishi. Zangunan da aka sarara, musamman na 700 da 800, sai a sayar wa kamfanonin waya su bunƙasa intanet. Ƙasar da ta makara ba za a ci ta tara ba, amma ta rasa kariya: idan siginar maƙwabta ta danne tata a bakin iyaka, misali tsakanin Katsina da Maraɗi, babu inda za ta kai ƙara.

Kafin a zo kan aiki, sai da aka yi kokawa kan tsarin fasahar da za a bi. Turai tana da DVB, Amurka tana da ATSC, Japan da Barazil suna tallata ISDB-T, Sin ma tana da nata. Batun na kasuwa ne, domin ƙasar da ta ɗauki tsarin wani, daga wurinsa za ta riƙa sayen na'urori shekara da shekaru. A 2010 zawarcin Japan da Barazil ya sa Afirka ta Kudu ta tsaya tunanin sauya sheƙa, kafin ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka ta tsaya a kan DVB-T2 a ƙarshen shekarar. Botswana ta ware, ta bi Japan. Nijeriya ta zaɓi DVB-T2, kamar yawancin maƙwabtanta na yammacin Afirka. A nan jinkiri ya ɗan yi rana, don waɗanda suka yi sammako suka sayi DVB-T na farko daga baya sun sake kashe kuɗi.

A cikin gida, gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta tsayar da 17 ga Yuni, 2012, wato shekara uku kafin wa'adin duniya, ta kuma kafa kwamitin ba da shawara a 2008. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 2009, amma rahoton ya kwanta har 2012 kafin gwamnati ta fitar da matsayinta a kansa. Rukunin ƙwararrun da zai aiwatar da shirin, a ƙarƙashin Injiniya Edward Amana, sai a watan Disambar 2012 aka rantsar da shi, wata shida bayan ranar da ya kamata a ce an gama. Wa'adin 2015 ya wuce a shekarar zaɓe. Na Yunin 2017, wanda ƙasashen ECOWAS suka amince da shi, ya bi sahu.

Sabon tsarin ya taɓa abin da gidajen talabijin ke taƙama da shi. Tun kafa WNTV a Ibadan a 1959 da gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, kowace tasha ita ke shirya shirinta, ita ke da turakun watsa shi. Yanzu aka ce tasha ta tsaya kan shirya shiri, ta biya wani kamfani ya ɗauka ya isar. Aka ba kamfanoni biyu wannan aiki: ITS, wanda aka ciro daga jikin NTA, da Pinnacle mai zaman kansa. Ga gwamnan da ke da gidan talabijin na jiha, ko attajirin da ya zuba dukiya a turaku, wannan miƙa makullin gida ne ga baƙo. Kuɗin aikin ma bai samu ta hanyar kasafi ba, sai da hukumar NBC ta sayar wa MTN wani yanki na zangon 700 a kan kimanin naira biliyan 34 a 2015.

Babban ƙulli shi ne akwatin dikoda. Tsohon talabijin ba ya karanta siginar dijital sai an haɗa shi da akwati, kuma gidan da ya dogara da eriyar da ke kan gora shi ne gidan da ya fi ƙarancin abin saye. Gwamnati ta ba kamfanoni 13 lasisin harhaɗa akwatunan a cikin gida, ta sa tallafi aka sayar da su kan naira 1,500, ta raɗa wa shirin suna FreeTV tare da alƙawarin tashoshi kusan 30. Sunan ya ce kyauta, amma a lokacin akwai naira 1,000 da ake biya duk shekara. Da tallafin ya ƙafe, darajar naira kuma ta faɗi, akwatin ya yi tsada, ya yi wuyar samu.

Bukukuwa dai ba su tsaya ba. Abuja ta samu nata a Disambar 2016, Ilori da Kaduna a ƙarshen 2017, Inugu da Oshogbo a farkon 2018. Daga nan aka yi shiru na shekara uku, sai Legas da Kano a 2021. Wurare takwas ke nan cikin jihohi 36 da Abuja, kuma tsohuwar sigina ta ci gaba da aiki a faɗin ƙasa.

Ƙasashen da suka kammala sun nuna inda wahalar take. Amurka ta raba takardun rangwame na dala 40, ta ɗage ranarta daga Fabrairu zuwa Yunin 2009 don mutane su kimtsa, sannan ta kashe. Birtaniya ta bi yanki-yanki har Oktoban 2012, kowane yanki da ranarsa da aka daɗe ana shela. Tanzaniya ta kashe tsohuwar sigina a Darussalam a daren ƙarshe na 2012. Kenya ta jure fushin manyan tashoshinta, waɗanda suka ɗauke shirye-shiryensu na kusan mako uku a 2015. Kowacce ta sa rana, ta ɗauki zafin cika ta. Kunna sabuwar sigina aikin injiniya ne. Kashe tsohuwa kuwa hukuncin ɗan siyasa ne, domin washegari akwai gidajen da za su tashi babu hoto, kuma a cikinsu akwai masu jefa ƙuri'a.

Mai kallo bai zauna jira ba. StarTimes, wanda ya shigo da haɗin gwiwar NTA a 2010, da GOtv da ya biyo baya a 2011, sun riga gwamnati kai dijital cikin gidaje, ga mai iya biya duk wata. A Arewa, dish ɗin tauraron ɗan'adam ya hau rufin gidaje, kuma ta nan Arewa24 ta shiga ɗakuna tun 2014. Finafinan Kannywood masu dogon zango suka koma YouTube, waya ta zama talabijin ɗin matasa. A 2025 ita kanta NBC ta haɗa kai da NIGCOMSAT don isar da shirin ta tauraron ɗan'adam, hanyar da jama'a suka daɗe da bi.

Waɗanda aka bari a baya su ne waɗanda aka ce dominsu aka faro aikin: gidan da ba shi da kuɗin wata, ba shi da kuɗin data, abin da ya mallaka eriya ce da tsohon akwati. Su ne ma'aunin shirin, kuma har yanzu yaro yana fita tsakar gida ya juya gora, ana yi masa kira daga ɗaki cewa hoton ya kusa fitowa.