Nahawun Da Ke Hana Saƙo Ɓata

'Yan'uwa marubuta, mukan ɗauka nahawu namu ne mu kaɗai. A 1959 John Backus na kamfanin IBM ya fito da hanyar rubuta dokokin yaren kwamfuta, Peter Naur ya gyara ta a 1960. Jikarta, ABNF, ita ƙa'idar AsyncAPI ta ɗauka a 2019 domin manhajojin da ke aika wa juna saƙonni.

Jimla kamar $message.header#/correlationId tana nuna inda lambar shaidar saƙo take. Manhajar tantancewa kan bi ta gaɓa-gaɓa: tilas $message ya zo farko, sannan header ko payload. Harafi ɗaya ya kauce, amsa ba za ta gane tambayarta ba.

Mu da ke rubuta baki muna nufin baƙi, sai mu kula.