Ƙauran Namoda: ranar da gida ya faɗi, bashi yana nan tsaye

Yau tarihin jingina za mu taɓo, da yadda darajar gida ko gona ke zubewa ta bar mai ita da bashi a wuya.

Mu fara da Ƙauran Namoda. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso garin, nan ne ma ƙarshensa. Gyaɗa da audugar ƙauyukan kewaye suka samu hanyar fita, gari ya cika da fatake da dillalai. To amma a watan Oktoban shekarar kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, farashin gyaɗa ya bi ta ƙasa. Manomin da ya ci bashi da sa ran kaka fa? Gonarsa ce ta rage masa ya jinginar.

Jinginar gargajiya kun san ta: ka karɓi kuɗi, mai kuɗin ya riƙa noma gonarka har ranar da ka fanshe ta. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa talaka ne ya fi shiga wannan hali, wani ma har ya kai ga sayarwa.

Ta banki kuwa daban ce. An kafa Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a 1977, sai asusun gidaje a 1992 da ke cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci. A nan kai ke zaune a gidan, amma bashin da ruwa, in ka kasa biya a sayar. Amurka ta ɗanɗana. Daga 2006 zuwa 2012 farashin gidaje ya faɗi da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu, miliyoyin iyalai suka rasa matsuguni, wasu bashinsu ya fi kuɗin gidan ma.

Mu dawo gida. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya noman gyaɗa, jirgin ƙasa ya yi ta ja da baya. A 2021, saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako da layukan waya a Zamfara, har da Shinkafi da Zurmi. Gonar da ba a iya zuwa, wa zai saye ta da daraja?

Ka ga kenan, kuɗin gida ba a bulo da kwano yake ba. Yana cikin hanya, kasuwa da zaman lafiya. Waɗannan suna iya gushewa dare ɗaya, mai bin bashi kuwa ba ya rage ko kwabo. Kafin ka miƙa takardar gidanka, lissafa da shekarar fari, ba ta damina mai albarka ba.

Allah ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.