Hukuncin 1948 da Ya Raba Hollywood da Gidajen Sinima

A shekarun 1930, duk mai ƙaramin gidan sinima a Amurka ya san ƙa'idar kasuwa: in yana son fim ɗaya da jama'a ke ɗoki, tilas ya haɗa da tarin wasu da bai taɓa gani ba, wasunsu ma ba a kai ga ɗaukarsu ba. Ko ya karɓi ƙunshin gaba ɗaya, ko ya zauna da kujeru babu kowa.

Kamfanoni biyar ne ke riƙe da wuƙa da nama: Paramount, Loew's mai MGM, Warner Bros., 20th Century-Fox da RKO. Su ke shirya fim, su ke rarraba shi, kuma su ne masu manyan gidajen kallo na birane, inda sabon fim ke fara fita, inda kuma ribar take. Furodusa mai zaman kansa, komai kyan aikinsa, da wuya ya sami babban allo sai da yardarsu.

A 1938 Ma'aikatar Shari'a ta maka su kotu, tare da Universal, Columbia da United Artists, bisa Dokar Sherman ta 1890 mai hana babakere. An yi sulhu a 1940, aka taƙaita ƙunshi zuwa fim biyar, amma rigimar ba ta kwanta ba. Ranar 3 ga Mayu 1948, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ɗaura wa mai saye wani fim a kan wani, da ƙayyade masa farashin tikiti, sun saɓa wa doka. Daga nan manyan biyar ɗin suka rabu da gidajen sinimominsu ɗaya bayan ɗaya.

Da tabbacin allo ya kau, sai kamfanonin suka rage yawan finafinai, suka saki taurarin da suka ɗaure da doguwar kwangila, a daidai lokacin da talabijin ke shiga gidaje. Masu zaman kansu suka sami ƙofa.

A 2020 wata kotun tarayya a New York ta soke waɗannan sharuɗɗa, bisa hujjar cewa kasuwa ta sauya. Ta sauya kuwa. Netflix na shirya fim, tana kuma kai shi wayar mai kallo ba tare da dillali ba, Amazon kuma ta saye MGM a 2022. Tambayar da aka kai kotu a 1938 ta dawo: idan mai kaya shi ne mai hanya, ta ina ƙaramin furodusa zai bi?