Ɗan kwaɗon da ke gaban adireshin shafi

Wata uwa ta tare ni a ƙofar lakwal, waya a hannu: "Mushe, shafin da na ga ɗan kwaɗo a samansa, ai amintacce ne ko?" Amsar tana cikin tarihin kwaɗon.

A 1995 kamfanin Netscape na Amurka ya fito da tsarin SSL, aka gyara shi ya koma TLS a 1999. In ka buɗe shafi, kwamfutar da ke riƙe da shi takan miƙo wa burauzarka takardar shaida mai ɗauke da sunan shafin da sa hannun wani kamfanin ba da shaida. Burauza tana da jerin kamfanonin da ta yarda da su. In sa hannun ya tabbata, sai su ƙulla mabuɗin sirri, mai laɓe a tsakani bai karanta komi.

Amma mai shaida ma yakan yi tuntuɓe. A 2011 aka kutsa DigiNotar na ƙasar Holan, aka buga takardun jabu da sunan Google, aka tare saƙonnin mutane kimanin dubu 300 a Iran. Burauzoji suka soke sunansa daga jerin, kamfanin ya durƙushe a watan Satumba.

Tun 2015 Let's Encrypt ke ba da takardun kyauta. Alheri ne, sai dai ɗan damfara ma yana karɓar tasa.

Na ce mata: "Hajiya, kwaɗon yana shaida hanya a killace take, bai shaida halin mai gida. Kafin ki rubuta lambar sirri, karanta adireshin harafi bayan harafi." Haka nake gaya wa ƴan ajina.