Ƙwallon kashu: ƙa'idojin kwastan da sharuɗɗan ƙasashen da ke saye

Kashu, wanda Hausawa ke kira yazawa ko kanju, yana cikin amfanin gonar da ke samar wa Najeriya kuɗin shiga daga ƙetare. An fi noma shi a jihohin Kogi, Oyo, Kwara, Binuwai da Enugu, kuma kakarsa tana kamawa daga Fabrairu zuwa Mayu. Mafi yawan ɗanyen ƙwallon Vietnam da Indiya ake kai shi, inda ake fasa shi a fitar da ƙwayar. Ga ɗan kasuwar da ke zaune a Shadawanka ko wata unguwa ta Bauchi, garin da ke da hedikwatar Shiyya ta D ta Hukumar Kwastan, abin lura shi ne kaya ba sa tsallake teku sai sun cika dokoki biyu: na Najeriya da na ƙasar da za ta karɓa.

Takardun gida

Matakin farko shi ne yi wa kamfani rajista da hukumar CAC, sannan a karɓi shaidar mai fitar da kaya daga hukumar NEPC, wadda aka kafa a 1976. Daga nan sai a cike fom ɗin NXP ta hannun banki, a biya harajin NESS na kashi 0.5 cikin ɗari na darajar kayan. Wakilan bincike da gwamnati ta naɗa su ke duba kayan kafin lodi, su bayar da takardar CCI. Hukumar NAQS ce ke tabbatar da cewa babu cuta ko ƙwaro a jikin kayan, hukumar FPIS kuwa tana duba inganci, nauyi da feshin magani.

A kundin kwastan na duniya, lambar ƙwallon da ke da ɓawo ita ce 0801.31, ta wanda aka fasa kuma 0801.32. Kuskure a wannan lamba kan jawo tsaiko da tara. A Legas, akwai tashar Lilypond da ke Ijora, wadda aka keɓe domin tantance kayan da za su fita. Bayan an sayar, Babban Bankin Najeriya ya wajabta dawo da kuɗin cikin kwana 180.

Sharuɗɗan masu saye

Masu sayen ɗanyen ƙwallo sun fi duba abu uku: laima, wadda ba a so ta wuce kashi 10 cikin ɗari, yawan ƙwallon da ke cikin kilo ɗaya, da ma'aunin KOR, wato yawan labar ƙwaya mai kyau da buhu mai kilo 80 zai bayar. Indiya da Vietnam duk suna neman takardar lafiyar tsirrai daga ƙasar da kayan suka fito.

Ƙwayar da aka fasa ta fi fuskantar tsanani, domin abinci ce kai tsaye. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2023/915 ta ƙayyade cewa gubar fumfuna, wato aflatoksin, kada jimillarta ta wuce maikirogiram 4 a kilo ɗaya na kashun da za a ci. A Amurka, dole masana'anta ta yi rajista da hukumar FDA, a kuma sanar da ita kafin kaya su iso.

Inda matsala ke farawa

Fumfuna ba a tashar ruwa take samuwa ba. Tana kama ƙwallon da bai sha rana sosai ba, ko wanda aka ɗure a buhun leda maimakon buhun algarara mai shan iska. Najeriya ta taɓa ɗanɗana kuɗar irin wannan sakaci: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga ƙasar saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, kuma hukuncin ya shafi mai gaskiya da mai ha'inci baki ɗaya.

Saboda haka takardu shaida ce kawai ta aikin da aka riga aka yi a wurin shanya da kuma sito. Wanda ya nemi sharuɗɗan mai saye a rubuce, ya kuma gwada kayansa kafin ya ɗora su a mota, shi ne ya fi tsira daga asarar a dawo masa da kwantena.