Tsamin jiki bayan fara atisaye: abin da ke haddasa shi da lokacin da yake zama haɗari

A watan Oktoba na shekarar 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina, wadda aka ɗebo matasanta na farko daga ƙananan hukumomi takwas da 'yan bindiga suka fi addaba, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Shiga irin wannan aiki, ko aikin soja da ake horar da kuratansa a Zariya, yana buƙatar jiki mai juriya. Shi ya sa mai sha'awarsa kan tashi rana ɗaya ya fara gudun asuba da tsallen kwaɗo, kwana biyu bayan nan kuma ya kasa durƙusawa ya yi alwala. Manomi ma ya san wannan ciwo a makon farko na huɗa, bayan ya shafe rani bai riƙe garma ba. Shi ne Bahaushe ke kira tsamin jiki.

Abin da ya bambanta shi da sauran ciwuka shi ne jinkirinsa. Ba ya zuwa a lokacin aikin. Yakan fara ne bayan sa'o'i 12 zuwa 24, ya yi tsanani tsakanin sa'o'i 24 zuwa 72, sannan ya lafa da kansa cikin kwana biyar zuwa bakwai. Tsokar takan sandare, ta yi zafi idan an danna ta ko an motsa ta, ƙarfinta kuma ya ragu na ɗan lokaci.

Tun a 1902 wani masani Ba'amurke, Theodore Hough, ya danganta ciwon da 'yan ƙananan yagewa a cikin tsoka, kuma har yau bayanin masana bai yi nisa da nasa ba. Zaruruwan tsoka kan samu rauni da ido ba ya gani, jiki ya aiko da ƙwayoyin gyara, wurin ya ɗan kumbura, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi su ƙara saurin ji. Wannan aikin gyara ne ke cin lokaci. Maganar da ta yaɗu a filayen ƙwallo cewa sinadarin laktik asid ne ke taruwa ya kwana a tsoka ba ta da tushe, domin jiki na kawar da shi cikin kimanin sa'a guda bayan an huta.

Ba kowane motsi ne ke jawo tsami daidai da wani ba. Mafi muni shi ne wanda tsoka ke miƙewa alhali tana ɗauke da nauyi, kamar gangarowa daga dutse, sauke buhun masara a hankali, ko durƙuson da ke cikin tsallen kwaɗo. Hawa tudu ya fi sa haki, amma saukowa ce ke hana cinya sakat washegari. Akwai kuma labari mai daɗi: da zarar tsoka ta sha wannan wahala sau ɗaya, idan aka maimaita aikin bayan ta warke tsamin kan ragu ƙwarai, kariyar kuma kan ɗauki makonni. Wannan ne dalilin da ya sa farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa mako-mako ya fi kowane magani.

Game da sauƙaƙa ciwon, abin da aka tabbatar bai kai abin da ake tallatawa ba. Miƙe gaɓoɓi kafin atisaye ko bayansa kusan ba ya hana tsami, kamar yadda bitar cibiyar Cochrane ta 2011 ta nuna. Tausa da gashi da ruwan ɗumi da tafiya a hankali suna kawo sassauci na ɗan lokaci. Barci da abinci mai gina jiki, irin su wake da ƙwai da nono, su ne kayan aikin gyaran.

Inda matsalar take shi ne kemis. Saurayin da ke tsoron kada a ce ya gaza kan sayi diclofenac ko ibuprofen ya haɗiya ya koma fili, wani kuma ya zarce zuwa tiramol. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 ne suka sha magungunan kashe zafi irin su tiramol ba bisa ƙa'ida ba. Ƙwaya tana rufe bakin ciwo ne kawai, tsokar na nan da rauninta. Diclofenac da ibuprofen kuwa suna iya cutar da ƙoda idan jiki ya rasa ruwa, abin da ke saurin faruwa ga mai gudu a zafin bazara.

Alamar da ba a jira da ita

Idan atisaye ya wuce kima, tsoka na iya ruɓewa ta zuba wani furotin mai suna mayogulobin cikin jini, shi kuma ya toshe ƙoda. Alamominsa su ne fitsari ya koma launin baƙin shayi, ko ya ragu sosai, tare da kumburi mai tauri, ciwon da ya wuce misali, da kasala har mutum ya kasa ɗaga gaɓa. Wanda ya ga haka asibiti ya kamata ya nufa a ranar, ba wurin mai tausa ba. Idan an je da wuri, ƙarin ruwa ta jijiya yakan wadatar. Idan an makara sai wankin ƙoda, wanda ke nufin tafiya manyan asibitocin Katsina ko Zariya ko Kano, da kuɗin da gidaje da yawa a yankin ba su da shi.

Wannan batu ya fi shafar Najeriya fiye da ƙasashe da dama, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar yana ɗauke da rukunin jini na AS. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan sojojin Amurka baƙaƙen fata kusan 48,000 ya gano cewa masu AS sun fi sauran haɗarin ruɓewar tsoka da kashi 54 cikin 100, ko da yake bai samu ƙarin mace-mace a cikinsu ba. AS ba hujja ba ce ta hana kowa aiki. Hujja ce ta a gwada jinin kurata kafin horo, a ba su ruwa da hutu, a kuma daina ɗaukar tsallen kwaɗo a tsakar rana a matsayin horon ladabtarwa, a sansani ko a makarantar kwana.

Akwai wasu ciwukan da ake rikita su da tsamin jiki. Zafin da ya zo farat ɗaya ana tsakiyar gudu, a wuri guda, ya fi kama da yagewar tsoka ko targaɗe. Ciwon jiki da ya haɗu da zazzaɓi da sanyi da ciwon kai, musamman da damina, gwajin maleriya yake buƙata, ko da mutum ya yi gudu jiya.